Ragin ƙurarren lokaci ko in ƙara kuɗi in zaɓi ɗaki? Ku ba ni shawara kan tafiyar jirgin ruwa

Zulai Maamobi:
Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa shiga manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa. Mma ta cika shekara 68 bana, tun rasuwar Baba ba ta leƙa ko'ina ba sai Kumasi in biki ya taso, kuma tun muna yara in muka je Tema ta hango jirage tsaye a kan ruwa sai ta ce ita fa kafin ta mutu tana so ta ga yadda cikinsu yake. Ni na ɗauki susu, wato adashi, wannan watan, maigida ya ce zai cika min, mu 3 za mu je insha Allah. To abu biyu ne a gabana. Na farko ragi ne na gani, jirgi zai tashi daga Basalona nan da sati 3, kwana 7 a Bahar Rum, dala 430 kowane mutum, amma su za su ba ka ɗakin da suka ga dama, ba za ka san lambarsa ba sai tafiya ta matso. Na biyu daga Dubai ne ƙarshen Janairu, shi ma kwana 7, kuɗinsa ya kusa ninka wancan amma ni zan zaɓi ɗaki da bene da lokacin cin abincin dare. Wlh zuciyata tana kan na farkon don bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne, sai dai na ce bari in tambaya tukun kafin in taɓa komai.

Fati Italiya:
Wa alaikumus salam Yaya Zulai, masha Allah, Allah ya saka miki da kika tuna da Mma. Ni dai sau 3 ina shiga kuma duka ukun na ƙurarren lokaci ne, ban taɓa biyan cikakken farashi ba. Abin da ke faruwa shi ne kamfanonin suna karɓar kafin alƙalami da wuri, sai saura wata 2 ko 3 su ce kowa ya cika, a nan wasu ke janyewa, ɗakuna su rage, su kuma ɗakin da ya tafi babu kowa ba ya kawo musu ko sisi shi ya sa suke karya farashi. Abinci iri ɗaya za ku ci da wanda ya biya ninki biyu, wasannin dare iri ɗaya, garuruwan da za a tsaya iri ɗaya. Ɗaki kuma kwana kawai za ki yi a ciki. Ɗauki kafin ya ƙare.

Alhaji Sani Tudu:
Fati tsaya tukun. Zulai, akwai bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai a fasfo ɗinku, ku ukun?

Zulai Maamobi:
A'a Kawu, babu. Na ɗauka in mun nuna takardar biyan jirgin za su yi mana da sauri.

Alhaji Sani Tudu:
To magana ta ƙare a nan 'yata. Ita Fati tana zaune Biresha, jirgin ƙasa take hawa da safe ta isa Jenowa kafin azahar, takardar zama tana aljihunta. Ke kina Maamobi da fasfon Ghana. Dokarsu kwana 15 ne suke duba takardu bayan kin miƙa, suna iya ja har kwana 45 in suka ga dama, kuma wannan bayan kin samu ranar zuwa miƙawa ke nan, wadda ita kanta a nan Akra sai an yi ta bibiya. Kuɗin bizar Yuro 90 ne kan kowane babba tun watan Yunin 2024, in suka hana ba sa mayarwa. Sai inshorar lafiya da ta kai ta Yuro 30,000, sai takardun banki, sai hujjar cewa za ku dawo. Duk wannan a sati 3? Kuma jirgin da ya rage sati 3 ya tashi, in kika fasa daga baya kusan duk kuɗin sun tafi, ba ruwansu da cewa biza ce ba ta fito ba, sun rubuta a sharuɗɗa cewa biza nauyin fasinja ce.

Sannan ba ki lissafa tikitin sama ba. Shi jirgin ruwa in lokaci ya ƙure sauka yake, jirgin sama kuwa hawa yake. Shekara 20 ina tafiyar kasuwa, ban taɓa sayen tikiti ana saura kwana kaɗan na ji daɗin farashin ba. Abin da kika rage a ruwa za ki biya shi a sama har ki ƙara.

Fati Italiya:
Kawu gaskiyarka, wlh na manta da maganar biza kwata kwata, ki yi haƙuri Yaya. Amma ban janye maganata kan ɗaki ba, ɗaki kwana ne kawai.

Razak Madina:
Ni kam ban gane ba. Ga Dodi Princess a Akosombo, a hau da safe a zaga tafkin Volta a je tsibirin Dodi a ci abinci a dawo da yamma, Mma ta ga ruwa ta ga jirgi, kuɗin bai kai na tikitin mutum ɗaya ba. Ragowar a tara mata na Umara. Wannan dalolin da ake kirawa a nan ba ƙananan kuɗi ba ne a wannan zamanin.

Zulai Maamobi:
Razak na gode, kuma na san da kyakkyawar niyya ka faɗa. Mma ta sauke farali a 2019, Akosombo kuma mun kai ta tun Baba na da rai. Ba ruwa take son gani ba, ruwa kam ga shi nan Jamestown. Matar nan shekara 30 tana tashi ƙarfe 3 na dare tana dama koko tana suyar ƙosai a bakin titi don mu yi makaranta, ba ta taɓa zama an kawo mata abinci a faranti an kwashe ba. Kwana 7 nake so ta yi ba ta taɓa tukunya ba, abin da nake nema ke nan.

Razak Madina:
Allah ya ba ki iko Yaya, na fahimta. Allah ya sa a je lafiya.

Hajiya Rabi Aboabo:
Zulai ni Kumasi nake amma bari in sa baki don abin ya taɓa cina. Kafin komai ina da tambaya, kin ce ku 3 ne, ke da maigida da Mma. Ɗaki nawa kika lissafa?

Zulai Maamobi:
Ɗaya Hajiya, sun nuna ana iya sa mutum 3.

Hajiya Rabi Aboabo:
Haba Zulai. Kin taɓa ganin ɗakunan nan? Na cikin bai kai rabin shagonki ba, gado na 3 daga bango ake sauko da shi ta sama a hau da tsani, ko kujera ce ake buɗewa, banɗaki ɗaya ƙofarsa na kallon gado. Mma za ta kwana a nan da surukinta? Matar da ko abinci ba ta ci a gabansa? Wlh ko kin biya ba za ta runtsa ba, shi ma maigidan naki sai dai ya kwana a kujerun waje. Ɗaki 2 ne dole, kuma daga nan ne maganar zaɓi take farawa, don in kika bar musu su zaɓa babu wanda ya yi miki alkawarin ɗakunan za su kasance kusa da juna.

Ni a 2023 na yi wannan kuskuren, ba zan kira sunan kamfanin ba. Ni da maigida ɗaki ɗaya, Gwaggona da 'yarta ɗaki ɗaya, muka ɗauki irin wanda su ke rabawa saboda araha. Da takardun suka fito namu yana bene na 5 can gaban jirgi, nasu yana bene na 11 can baya. Jirgin ya fi mita 300 tsawo, ban san ma'anar wannan ba sai da na fara taka shi. Gwaggo tana da suga, kullum da asuba sai na kai mata ruwan zafi a filas na duba ta, in fito in bi wani dogon lungu mai kafet da ƙofofi duk iri ɗaya kamar an buga su a injin, in jira lif, in hau, in sake bin wani lungun, minti 10 tafiya minti 10 dawowa. Rana ta 2 Gwaggo ta fito neman mu ita kaɗai ta ɓata, wani ma'aikaci ne ya same ta zaune a matakala tana riƙe da katin ɗakinta tana hawaye, don a jikin katin ba a rubuta lambar ɗaki. Namu ɗakin kuma duk safiyar da za a tsaya sai ƙarar injin da igiyoyi ta tashe mu kamar ana niƙa a ƙarƙashin gado, nasu kuwa ƙarƙashin wurin cin abinci yake, tun kafin asuba ake jan kujeru a kansu. Na je wurin masu karɓar koke sau 3, da ladabi suka ce jirgi ya cika babu inda za su mayar da mu, kuma gaskiyarsu ne, abin da na saya ke nan. Araha ba ta ado.

Fati Italiya:
Hajiya sannu, wannan kam babu daɗi. Amma a yi adalci, ni a tafiyata ta 2 kuɗin ɗakin ciki na biya suka ba ni mai taga ban ƙara ko Yuro 1 ba. Ba kullum ake faɗawa mummuna ba.

Bashiru Ashaiman:
Salam alaikum iyaye da yayye. Na yi kwantiragi 2 a irin jiragen nan, ɓangaren gyaran ɗakuna, bari in faɗi abin da na gani da idona. Anti Fati da Hajiya duk gaskiya suka faɗa. Wanda ya bar wa kamfani zaɓi, alkawarin da aka yi masa shi ne ba zai samu ƙasa da ajin da ya biya ba, yana iya samun sama da shi in an yi sa'a. Amma ku tuna wane ɗaki ne ke raguwa bayan masu zaɓe sun gama zaɓe, su ne na can gaba, na can baya, na ƙarƙashin wurin rawa ko kicin, da masu tagar da kwale-kwalen ceto ya tare, ka buɗe labule ka ga jikin kwale-kwale ruwan lemo maimakon teku. Matashi mai lafiya ba ruwansa, yana fita da safe sai dare. Tsofaffi kuwa su ne na fi samu a ɗaki in na zo gyara da rana, suna hutawa, suna lazimi, wasu ba sa son hayaniyar sama. Wato ga Mma ɗakin shi ne rabin tafiyar.

In za ki zaɓa Anti Zulai, ki nemi tsakiyar jirgi, bene na ƙasa ƙasa ko na tsakiya, a nan ne girgiza ta fi sauƙi, gaba da sama su suka fi lilo in ruwa ya tashi, mai saurin jiri a can yake shan wahala. Ki buɗe taswirar benayen ki duba abin da ke samanki da abin da ke ƙasanki, in ɗakunan kwana ne sama da ƙasa to kin huta. Kusa da lif amma ba daidai bakinsa ba, ƙofa 4 ko 5 daga nan. Akwai kuma ɗakuna masu ƙofa a tsakani, su ba su da yawa kuma su ake fara kwashewa, wanda ya jira ragi ba ya samunsu.

Wani abu da mutane ba sa tunawa, kowane ɗaki yana da wurin taruwarsa in an yi gaggawa, harafi ne ko lamba a jikin katinki, kuma daga inda ɗakin yake ake raba shi. Tun bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara doka, dole a nuna wa fasinja wurinsa kafin jirgi ya tashi ko yana tashi. In ɗakinki yana gaba na Mma yana baya, wurin taruwarku ma zai iya bambanta. Allah ya kiyaye, ba fata nake ba, amma ko ranar gwajin ce kawai ba za ki so tana can ita kaɗai cikin mutanen da ba ta jin yarensu ba.

Zulai Maamobi:
Bashiru Allah ya yi maka albarka, wannan na ƙarshen ya sa jikina ya yi sanyi. To amma in ɗaki 2 ne, na Mma ita kaɗai rabin kuɗi ne ko?

Bashiru Ashaiman:
A'a Anti, farashin da kike gani an gina shi ne kan mutum 2 a ɗaki, mutum ɗaya yakan biya kusan na biyu. Gara ki samo mata abokiyar kwana, kuɗin kusan ɗaya ne sai tikitin sama da biza.

Hajiya Rabi Aboabo:
Ki tafi da ƙanwarki ko wata jika mai hankali. Ko kuma ke ki kwana da Mma, maigida ya zo da ƙaninsa.

Alhaji Sani Tudu:
Hajiya a bar mata mijinta, a kawo jika.

Malam Idi Nima:
Assalamu alaikum. Ina ta karantawa ban ga an taɓo salla ba, alhali ita ma tana cikin abin da ake saye da wannan ƙarin kuɗin. Ɗakin ciki ba shi da taga ko kaɗan, in aka kashe fitila duhu ne ƙirin, ƙarfe 5 na asuba da ƙarfe 12 na rana duk ɗaya. Dattijuwar da ta saba tashi da kiran sallar masallacin unguwa, ta leƙa waje ta ga alfijir, za ta rikice, ga agogon waya yana iya canzawa da kansa in an matso wata ƙasa. Da taga ko ƙarama ce za ta ga ketowar alfijir da faɗuwar rana da idonta. Salla a jirgin ruwa ta inganta, ana yinta a tsaye in da iko, a fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya a juya, in tsayuwa ta gagara saboda girgiza ko ciwo a zauna, kuma ku matafiya ne kuna da sauƙin ƙasaru. Ku dai tabbata akwai filin shimfiɗa darduma tsakanin gado da bango. Maganar abinci kuma ku sanar da su tun da wuri a rubuce cewa ba ku cin alade da abin da aka sa wa giya, irin wannan buƙata makonni kafin tafiya suke so a faɗa, wanda ya shigo a ƙurarren lokaci sai dai ya lallaɓa da kifi da ganye da shinkafa.

Zulai Maamobi:
Allah gafarta Malam na gode. Ƙarshen Janairu ba zai ci karo da azumi ba ko?

Malam Idi Nima:
A'a, ana sa ran azumin 2026 wajen 18 ko 19 ga Fabrairu, ya danganta da ganin wata. Kuna da sarari.

Fati Italiya:
Maganar lokacin abincin dare ma Malam ya tuna min. Yawanci zama 2 ake yi a babban ɗakin cin abinci, na farko wajen magariba na biyu kuma sai can wajen ƙarfe 9, mu da muke shigowa a makare na biyun ake yawan jefa mu. Ni bai dame ni ba, nan Italiya mun saba, amma na san Mma ƙarfe 9 ta yi isha ta kwanta. Akwai wurin ɗiba da kanka a sama wanda ba ruwansa da lokaci, sai dai wannan ba shi ne a kawo mata a faranti da Yaya ke so ba. A kamfanin jiragen ruwa na MSC misali suna da tsarin Bella, shi ne mai araha su zaɓa miki ɗaki, sai Fantastica inda ke za ki zaɓi ɗakin ki kuma faɗi zaman da kike so. Ki tambayi bambancin kuɗin tsakanin su biyun a jirgi ɗaya rana ɗaya, wani lokaci bai kai yadda mutum ke tsoro ba. Don kin haɗa Basalona a Nuwamba da Dubai a Janairu, ai ba kuɗin zaɓi kaɗai kike gani ba, Nuwamba sanyi ya fara shiga Bahar Rum ruwa na yawan tashi shi ya sa ake zubar da farashi, Janairu kuwa lokacin Dubai ne.

Amina Fadama:
Ba wanda ya kawo maganar Afirka ta Kudu? Tun Nuwambar 2023 mai fasfon Ghana ba ya buƙatar biza zuwa can har kwana 90 a shekara. MSC na tashi daga Durban lokacin zafinsu, kamar Nuwamba zuwa Afrilu, kwana 3 ko 4 zuwa gaɓar Mozambik. In akwai inda ragin ƙurarren lokaci zai yi wa ɗan Ghana aiki to nan ne, tunda ba layin ofishin jakadanci. Akra zuwa Johannesburg kamar awa 6 ne kai tsaye, daga nan awa 1 zuwa Durban. Ki riƙe katin allurar shawara don za su tambaya tunda daga Ghana kika fito. Mu mun je bara bayan yaransu sun koma makaranta tsakiyar Janairu, farashi ya sauka sosai a kan na Disamba, kuma mun ji daɗi alhamdulillah.

Bashiru Ashaiman:
Anti Amina hanya ce mai kyau, sai dai abu 2 game da Mma. Tsibirin Portuguese Island da ake zuwa babu tashar da babban jirgi zai jingina, a tsakiyar ruwa yake tsayawa a riƙa ɗiban mutane da ƙananan jirage, sai ka taka daga babba zuwa ƙarami yana rawa a ƙarƙashinka, in iska ta yi ƙarfi ma kyaftin ya soke saukar gaba ɗaya, kuma watannin nan su ne lokacin guguwa a wannan yankin na Tekun Indiya. Ya gwiwar Mma take? Na Dubai da Abu Dhabi da Doha jirgi jingina yake a tasha, ta gada za ta sauka a tsanake.

Zulai Maamobi:
Gwiwar ce matsalar, hagu, matakalar motar haya ta trotro ma sai an kama ta.

Amina Fadama:
To a bar Durban, ko ta je ta zauna a jirgi in an tsaya, amma ba daɗi.

Alhaji Sani Tudu:
Na Dubai ma biza ake nema fa, kuma ki gaya wa mai yi miki cewa jirgin ruwa ne, zai fita zuwa Katar ya dawo, ki tabbata bizar mai shiga fiye da sau ɗaya ce, ki tambaya har na ƙasashen da za a tsaya. Amma wata 3 ya isa a yi komai a natse. Fasfo ya zama yana da sauran wata 6 bayan ranar dawowa, duba na Mma yau ɗin nan, in na Hajjin 2019 ne zai yiwu ya mutu. Kuma ku isa Dubai ana gobe jirgi zai tashi, ku kwana a otal, Emirates daga filin jirgin Akra kusan awa 8 ne, in kuka bi ta Addis Ababa ya fi haka, jinkiri kaɗan a hanya kun rasa jirgi don ba ya jiran kowa.

Musty Canji:
Ni ta ɓangarena zan yi magana, dala. Mai biya da wuri kafin alƙalami yake bayarwa ya cika daga baya, tsakanin nan sidi na iya yin komai. Ku tuna 2022, a Janairu dala tana wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta haura 14, na ga mutanen da suka bayar da kafin alƙalamin abubuwa suka kasa cikawa suka yi asararsa. A 2025 kuma akasin haka aka yi, daga wajen 15 a Afrilu ta sauko kusan 10 a Yuni, waɗanda suka jira suka ci riba. Ba wanda ya san gobe sai Allah. Shawarata Hajiya Zulai, tunda kuɗin susu na hannunki, kar ki bar su a asusun waya na MoMo kina kallo, ranar da kika yanke shawara ki canza abin da za ki biya gaba ɗaya ki ajiye ko ki biya duka, ki fita daga caca. Janairu ma ai ya matso, ƙila su ce ki cika nan take.

Bashiru Ashaiman:
Kuma a lissafin ki ƙara abubuwan da ba sa cikin babban farashin da ake rubutawa da jan rubutu. Akwai kuɗin hidima da ake cirewa kullum kan kowane mutum, dala goma sha wani abu har zuwa wajen 20 ya danganta da kamfani, ku 4 kwana 7 ki buga ki gani, wannan kuɗin mu ma'aikata ake raba wa don haka ba zan ce a ƙi biya ba, a dai san da shi. Ki tambaya ko harajin tasha yana cikin farashin. Lemon kwalba da ruwan gora saye ake, intanet saye ake kuma da tsada, yawon gari in kin bi motar kamfani saye ake, likitan jirgi ma biya ake shi ya sa inshora ta zama dole ga mai shekarun Mma, magungunanta kuma a jakar hannu ba a babban akwati ba don akwatuna sai yamma suke isowa ƙofar ɗaki. Duk waɗannan mai ragi da mai cikakken farashi daidai suke biya, to in kika tara komai da tikitin sama za ki ga dala ɗari biyu ko uku na zaɓin ɗaki ƙaramin yanki ne a cikin kuɗin tafiyar.

Razak Madina:
Tunda an nace sai babban jirgi, akwai na Saudiyya mai suna Aroya da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, babu giya a ciki, abinci halal, akwai wurin salla. A haɗa da Umara a tafiya ɗaya mana.

Malam Idi Nima:
Razak bai haƙura da Umara ba, Allah ya ba shi lada. Shawara ce mai kyau a duba.

Zulai Maamobi:
Barkanmu da safiya. Jiya ban yi barci da wuri ba, ni da maigida muka zauna da biro da takarda. Na Basalona mun bar shi, da muka sa tikitin sama na sati 3 da biza da inshora ya wuce na Dubai ma, ban da fargabar a hana mu. Na Aroya na aika tambaya ina jiran amsa kan ranakun Janairu, in ya dace da mu Razak kai ka jawo. In bai dace ba Dubai ne, ɗaki 2 masu taga, baranda ta fi ƙarfinmu tunda mun zama mu 4, 'yar yayata Hadiza ce za ta kwana da Mma, ta gama makarantar nas tana jiran a tura ta aiki. Kawu ka yi gaskiya, fasfon Mma ya mutu tun bara, yau zan fara cike mata na sabuntawa.

Da na gaya wa Mma da asuba shiru ta yi tana jan carbi, can ta ce a cikin jirgin ana barin mutum ya shiga da butarsa?

Bashiru Ashaiman:
Ana bari Anti, ta roba ba matsala. Abin da suke karɓewa a bakin shiga shi ne hita da dutsen guga da duk abin da ke ɗaukar zafi, saboda gobara. Ruwan zafi akwai a wurin cin abinci, ku riƙe filas.

Zulai Maamobi:
To madalla. Bashiru na turo maka hoton taswirar ta akwatinka, akwai guda 2 a jere a bene na 8 da wasu 2 a bene na 5, na 5 ɗin sun fi kusa da lif amma ban gane abin da aka zana a samansu ba, kamar wurin cin abinci ne. Ejan ɗin ya ce zai riƙe min su zuwa gobe da la'asar.

Bashiru Ashaiman:
Na gani. Na 5 ɗin kicin ne a kansu, bar su. Na 8 kuma tambaye shi ko kwale-kwalen ceto ya tare tagar, a jirage da yawa daidai wannan benen suke rataye, in ya ce ba a tare ba ya rubuto miki a saƙo kafin ki tura kuɗi.